Bashin gwamnati da giɓin kasafi: ina haɗarin yake tunda ga Japan nan lafiya lau?

Wani ɗan'uwa ne ya yi tambaya, yace shi fa ya gaji da jin ana ta kururuwa kan bashin gwamnati da giɓin kasafin kuɗi, alhali Amurka da Japan sun fi kowa cin bashi kuma ba abin da ya same su, sannan gwamnati ai ba mutum ba ce, in ta matsu sai ta buga kuɗi ta biya. To ina haɗarin yake, ko dai tsoratar da mutane kawai ake yi?

Malam tambayarka ta yi ma'ana sosai, kuma rabin abin da ka faɗa gaskiya ne. Bashi hanji ne yana cikin kowa, da wuya ka samu ƙasar da ba a binta. Amma inda mutane suke kuskure shi ne suna kallon girman bashin, tiriliyan kaza biliyan kaza, alhali mu da muke zama da alƙaluman kasafi ba nan muke fara dubawa ba. Abin da muke fara tambaya shi ne: a cikin kuɗin da gwamnati take tarawa duk shekara, nawa ne kuɗin ruwa yake cinyewa, da wane irin kuɗi aka ci bashin, kuma yaushe wa'adin biya zai cika. Nan haɗarin yake kwance.

Da farko dai mu raba giɓi da bashi don ana yawan haɗa su. Giɓi na shekara ɗaya ne, gwamnati ta tara 100 ta kashe 120, ashirin ɗin nan shi ne giɓi, kuma dole a samo shi daga wani wuri, yawanci rance. Bashi kuma shi ne tarin giɓin shekaru da aka yi ta jibgawa ba a biya ba. Shi ya sa ake auna shi da jimillar abin da ƙasa take samarwa a shekara, wato GDP. Turai ma lokacin da suka ƙulla yarjejeniyar Maastricht a 1992 sun sa ƙa'ida cewa giɓi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari, bashi kuma kada ya wuce kashi 60, duk da cewa da yawansu sun karya ƙa'idar daga baya. A ƙarshen 2024 hukumar IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta ƙiyasta bashin gwamnatocin duniya gaba ɗaya zai haura dala tiriliyan 100, wajen kashi 93 cikin ɗari na arzikin duniya na shekara.

Kuma ni ban yarda da masu cewa duk wani rance haramun ne a tsarin tattalin arziki ba. Lokacin korona a 2020 ƙasar da ta ƙi cin bashi ta tallafi mutanenta da ta yi asarar da ta fi bashin. Birtaniya ta fito daga yaƙin duniya na biyu da bashin da ya kai wajen kashi 250 na arzikinta, a hankali tattalin arzikin ya yi ta girma har bashin ya koma ƙarami a gefensa. Rancen da aka samar da wutar lantarki da shi, ko tashar jirgin ruwa, ko layin dogo mai aiki, yana iya biyan kansa. Wanda yake damuna shi ne rancen da ake ci duk shekara don a biya albashi da tallafi da kuɗin ruwan rancen bara.

Bari in nuna maka da lissafi mai sauƙi, misali ne kawai. Gwamnati tana tara 100 a shekara, ana binta 400, kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari, kaga duk shekara 20 zai tafi wajen masu bashi, saura 80 a yi asibiti da makaranta da tsaro da albashi. Ana nan sai ruwan ya tashi zuwa kashi 12. Ba ta ci sabon bashi ko sisi ba, amma da zarar tsofaffin basukan sun cika an sabunta su da sabon farashi, abin da za ta riƙa biya ya koma 48, kusan rabin abin da take tarawa kenan, kuma shi kuɗin ruwa ba a ce masa a dakata sai baɗi, shi ake fara cirewa kafin a zo kan maganin asibiti. To da me za a cike ramin? Da wani rancen. Shi kuma ya zo da nasa ruwan. Akwai wata ƙa'ida da duk mai wannan fanni ya haddace: in kuɗin ruwan da ake cajinka ya fi saurin da tattalin arzikinka yake girma, bashin zai riƙa kumbura da kansa ko da ka daidaita sauran kasafin tsaf. Ƙasar da bashinta ya kai kashi 100 na arzikinta, ruwa kashi 8, girma kashi 5, sai ta riƙa samun rarar kusan kashi 3 duk shekara kafin ma bashin ya tsaya inda yake, ba wai ya ragu ba fa, ya tsaya kawai. Kuma samun irin wannan rarar shekara bayan shekara abu ne da 'yan siyasa ƙalilan suke iya jurewa.

Wannan ba labarin takarda ba ne. Hukumar kasuwanci da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta fitar a 2024 cewa mutane wajen biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da abin da gwamnati take kashewa kan kuɗin ruwa ya fi abin da take kashewa kan ilimi ko kan lafiya. Ka tsaya ka yi tunanin wannan adadin da kyau. Siri Lanka kafin ta durƙushe wajen kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shigarta ruwan bashi ne yake cinyewa. Ita Amurkar da ka kawo misali da ita, bashinta ya wuce dala tiriliyan 36 a ƙarshen 2024, kuma a shekarar kasafin 2024 abin da ta biya na ruwa ya zarce abin da ta kashe wa sojojinta, ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi kan soja a duniya. Manyan kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi guda uku duk sun sauke ta daga matakin ƙoli, S&P a 2011, Fitch a 2023, Moody's a 2025. Ba ta faɗi ba, kuma ban ce gobe za ta faɗi ba, amma cewa ba abin da ya same ta bai yi daidai ba.

Abu na biyu da yawancin mutane ba su sani ba, gwamnatoci ba kasafai suke biyan uwar kuɗin ba. In takardar lamuni ta cika sai a sayar da sabuwa a biya tsohuwa, haka ake ta juyawa. Wannan yana tafiya lafiya lau muddin masu kuɗi sun yarda za su sake sayen takardar. Ranar da suka ji tsoro sai su ce ko a ƙara musu ruwa ko su janye, ƙarin ruwan kuma ya sa lissafin ƙasar ya ƙara lalacewa, lalacewar ta ƙara musu tsoro, sai kaga abin da aka yi shekara goma ana tarawa a hankali ya fashe cikin 'yan makonni.

Girka ce misalin da ya fi fito da wannan a fili. Shekaru tana cin bashi da araha saboda tana cikin masu amfani da yuro, masu ba da rance suna mata kallon kusan Jamus. A watan Oktoban 2009 sabuwar gwamnatin George Papandreou ta fito ta ce giɓin shekarar ya haura kashi 12 cikin ɗari, kusan ninki biyu na abin da aka faɗa a baya, daga baya ma da aka sake lissafi ya wuce 15. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin watan Mayun 2010 kasuwa ta rufe mata ƙofa, sai da ƙasashen Turai da IMF suka haɗa mata yuro biliyan 110 da sharuɗɗa masu tsanani, a yanke albashi, a yanke fansho, a ƙara haraji. A 2012 masu riƙe da takardunta suka yafe fiye da rabin abin da suke bi ba don suna so ba. Tattalin arzikin ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, rashin aikin yi ya kai wajen kashi 27, a cikin matasa ya haura rabi. A ƙarshen watan Yunin 2015 aka rufe bankuna, mutum da kuɗinsa a asusunsa amma yuro 60 kawai zai iya cira a rana, tsofaffin da ba su da katin cirar kuɗi suna layi a ƙofar banki cikin rana suna jiran a ba su wani abu daga fanshonsu. Waɗannan tsofaffin ba su suka ɓoye alƙaluma ba, ba su suka sa hannu a kan rancen ba, amma a kansu abin ya ƙare, kuma wannan shi ne abin da yake ci min rai a duk wannan magana. Sannan maganin ma ya zo da nasa ciwon, don a 2013 masanan IMF da kansu sun rubuta cewa sun raina irin illar da tsuke bakin aljihu zai yi wa tattalin arzikin ƙasashen. Wato in aka bari abu ya kai nan, ba sauran zaɓi mai daɗi.

Kuma kada ka ɗauka sai ƙananan ƙasashe. A watan Satumban 2022 gwamnatin Liz Truss a Birtaniya ta sanar da rage haraji na wajen fam biliyan 45 ba tare da ta nuna inda za a cike giɓin ba. Cikin kwanaki fam ya faɗi warwas, ruwan takardun gwamnati ya yi tashin gwauron zabi, asusun fansho suka shiga tsaka mai wuya har sai da Babban Bankin Ingila ya shigo yana sayen takardun don a tsayar da abin. Ba ta cika wata biyu a kan mulki ba.

To Japan fa? Gaskiya ne bashinta ya kai wajen kashi 250 na arzikinta, ya fi na Girka a lokacin da ta faɗi nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne da yen ta ci bashin, kuɗin da ita take bugawa, kuma mafi yawan masu binta 'yan ƙasar ne, bankunansu da kamfanonin inshora da asusun fansho, shi kansa babban bankin ƙasar yana riƙe da kusan rabin takardun. Ga mutanen da suke da al'adar ajiya, ga dukiya mai yawa da suka zuba a ƙasashen waje, ga kuɗin ruwa da ya yi shekaru yana kusa da sifili. Duk da haka kusan kashi ɗaya bisa huɗu na kasafinsu wajen hidimar bashi yake tafiya, kuma tun da babban bankinsu ya fara ɗaga ruwa a watan Maris na 2024 maganar da suke ta yi kenan. Amurka kuma dala ce a hannunta, kuɗin da duk duniya take nema don ciniki da ajiya. Ƙasar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ta ce za ta yi koyi da su, ta yaudari kanta.

Domin in da kuɗin wani ka ci bashi, magana ta canza gaba ɗaya. Ka ranto dala biliyan ɗaya lokacin da dala take daidai da 10 na kuɗin ƙasarka, sai kuɗinka ya karye ta koma 20, bashin ya ninka a aljihunka ba tare da an ƙara maka ko kwabo ba, harajinka da kuɗin gida kake karɓa, biya kuma da dala, kuma ba ka da injin buga dala. Haka ya faru a farkon shekarun 1980 lokacin da babban bankin Amurka ƙarƙashin Paul Volcker ya ɗaga ruwa har wajen kashi 20 don ya kashe hauhawar farashi a gida, a watan Agustan 1982 Meziko ta ce ba za ta iya biya ba, sauran ƙasashen Latin Amurka suka bi sahu, shekara goma suka yi ba ci gaba. Shekaru arba'in bayan nan kusan abin ya sake maimaita kansa. Zambiya ta kasa biya a watan Nuwamban 2020, Siri Lanka a 2022, Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashin waje a Disamban 2022, Habasha a Disamban 2023.

Ita Siri Lanka ya kamata a tsaya a kanta kaɗan don giɓi ne ya buɗe mata ƙofar. A ƙarshen 2019 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta zaftare haraji, harajin kayayyaki daga kashi 15 ya koma 8, kuɗin shiga ya faɗi, sai ga korona ta kashe harkar yawon buɗe ido da take kawo musu dala, suka ci gaba da biyan bashin waje daga asusun ajiya har ya kusa ƙarewa. A 2022 ƙasar ta wayi gari ba dalar sayo mai da magani da iskar girki. Mutane suna kwana a layin gidan mai, wuta tana ɗaukewa har awa 13 a rana, an ɗage jarrabawar ɗalibai saboda ba takardar da za a buga tambayoyi a kai, hauhawar farashi ta kai wajen kashi 70. A watan Yuli jama'a suka mamaye fadar shugaban ƙasa ya tsere.

Sai maganar buga kuɗi da ka kawo. Eh, gwamnatin da ta ci bashi da kuɗinta ba za a taɓa cewa ta rasa takardar biya ba. Amma buga kuɗi baya ƙara buhu ɗaya na kaya a ƙasa, kuɗi ne suke yawa suna bin kayan da suke nan yadda suke, farashi ya tashi. Bashin an biya shi, amma daga aljihun duk wanda yake riƙe da kuɗin ƙasar aka cira, mai albashi da ɗan fansho da mai ɗan ajiya, haraji ne da ba majalisar da ta zauna ta amince da shi, kuma ya fi cin talaka don mai hali tuni ya mayar da dukiyarsa fili ko gida ko kuɗin waje. Jamus ta ga wannan a 1923, Zimbabuwe ta gani a 2008 har ta kai ga buga takardar dala tiriliyan 100 guda ɗaya ta kuɗinta, daga ƙarshe mutane suka watsar da kuɗin suka koma amfani da na waje. Ba lallai abin ya kai can ba kafin ya yi ɓarna. Ko babban banki ya riƙa ba gwamnati rance a ɓoye ana cewa na wucin gadi ne, shekara biyu uku za ka gani a farashin kaya da darajar kuɗi.

Akwai kuma illar da ba ta yin ƙara, wadda ni a ganina ta fi yawa a duniya fiye da faɗuwar da ake gani a labarai. In gwamnati tana ranta a cikin gida da ruwa mai tsoka, banki ba shi da dalilin wahalar da kansa ya ba mai masana'anta ko manomi rance, ga takardar gwamnati nan ba haɗari ga riba, sai kuɗin da ya kamata su tafi kasuwanci su ƙare a cike giɓi, wanda ya samu rancen ma da ruwan da ba zai iya fita ba. Daga nan kuma bankunan sun cika cikinsu da takardun gwamnati, ranar da gwamnati ta yi tuntuɓe tare za su faɗi. Ghana ta nuna wannan lokacin da ta sake fasalin bashinta na cikin gida, aka ce masu riƙe da takardu su karɓi sababbi masu ƙarancin ruwa da dogon wa'adi, bankuna suka tafka asara, a watan Fabrairun 2023 tsofaffi 'yan fansho da suka zuba ajiyar rayuwarsu a takardun gwamnati don an ce musu nan ne wuri mafi aminci suka riƙa zaman dirshan a harabar ma'aikatar kuɗi a Accra, har da tsohuwar babbar jojin ƙasar Sophia Akuffo a cikinsu. Sannan ƙasar da ta cika da bashi a lokacin lafiya, in annoba ko ambaliya ko yaƙi ya zo ba ta da sauran wurin motsi, lokacin da ta fi buƙatar rance shi ne lokacin da ba mai ba ta.

Wani abin kuma da nake so ka riƙe, adadin da ake sanarwa ba shi ne duka bashin ba. Akwai kuɗin 'yan kwangila da aka ƙi biya, akwai bashin fansho, akwai rancen da kamfanonin gwamnati suka ci gwamnati ta tsaya musu, duk ba sa fitowa a lissafi sai ranar da suka faɗo. A 2016 aka gano Mozambik ta tsaya wa wasu kamfanoni rancen da jimillarsa ta kai wajen dala biliyan 2, mafi yawansa a ɓoye ba da sanin majalisa ba, IMF da masu ba da tallafi suka janye, kuɗin ƙasar ya karye. A Senegal binciken kotun ƙididdiga da ya fito a farkon 2025 ya nuna bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 na arzikinta, alhali abin da aka sanar a baya wajen kashi 74 ne.

Don haka in kasafin wata ƙasa ya shigo hannunka, ka tsallake babban adadin da jaridu suke sa wa a kanun labari, ka nemo layin hidimar bashi ka ɗora shi a kan kuɗin shigar da aka tara da gaske, ba wanda aka yi hasashe ba don kusan kullum hasashen ya fi abin da ake samu. Ka duba nawa ne na kuɗin waje, ka duba nawa ne zai cika cikin shekara ɗaya ko biyu a gefen abin da yake asusun ajiyar waje, sannan ka tambaya me aka yi da rancen bara, wane aiki ne za a nuna maka da yatsa. In aka ce maka ai bashinmu kashi 40 ne kacal na GDP bai kai na Japan ba, ka tambayi nawa gwamnatin take tarawa, don ƙasar da harajinta bai wuce kashi 10 na arzikinta ba kashi 40 ɗin nan ya fi mata nauyi fiye da kashi 100 a wajen mai tara kashi 40.

Kuma ko an kai ga cewa a zauna a sasanta a rage bashin, ba abu ne na kwana biyu ba yanzu, don masu bin bashin sun rarrabu, ga ƙasashen Yamma, ga Sin, ga masu riƙe da takardu a kasuwa, ga bankunan raya ƙasa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara yafewa. Zambiya da ta kasa biya a Nuwamban 2020 sai tsakiyar 2024 ta kammala sasantawa da masu riƙe da takardunta na dala, fiye da shekara uku da rabi kenan masu zuba jari suna tsaye suna jira, ayyuka a tsaye, kuɗin ƙasar, wato kwacha, yana tangal-tangal.